Turancin Tsakanin Safa da Marwa

Bari in tona wa kaina asiri tun kafin wani ya riga ni. Ni ne mutumin da ya taɓa ɗaukar kansa Bature a kan kalmomi shida. Shida rak, ko yatsun hannu biyu ba su cika ba. Bokona aji biyu ne, a na uku na tsallake katanga. Allon ma a izu biyar malam ya sallame ni, ya ce in je duniya ta ƙarasa ni. To, ta ƙarasa ni ɗin, amma sai da ta jira na yi furfura, ta kama ni ina wasa a wurin da ba a wasa.

Sana'ata turin arabiyya ce, wato keken nan da ake ɗora tsofaffi da marasa lafiya a yi musu ɗawafi da sa'ayi. Na zo aikin Hajji ina saurayi, jirgi ya tashi komawa, na duba na ga babu abin da na manta a gida, sai na zauna. Shekara talatin da 'yan kai ina bayan keke. Na san ƙeyar mutanen duniya fiye da yadda na san fuskokinsu.

Wanda bai sani ba zai zaci da hannu ake wannan aiki. Da baki ake yi. Tsoho idan ya gaji ransa ne ke fara zama kafin jikinsa, sai ka riƙa ɗaga shi da magana. Balarabe ka ce masa, “Shidd helak ya hajj, bagi shuwayya,” wato daure Alhaji, saura kaɗan. Namu na gida ka ce, “Sannu Baba, saura ƙiris.” Amma idan aka kawo mini masu Turanci, sai in koma kurma, in yi ta washe musu haƙora kamar gonar auduga har mu gama. Wannan abu ya daɗe yana cina.

A gidan da nake haya a unguwar Utaibiyya akwai wani mutumin Kumasi da ke ɗakin da ke saman nawa. A ƙasarsu malamin wasanni ne, shi ke koya wa 'yan makaranta tsere, don haka kowa Ticha yake ce masa. Wata ranar Juma'a da la'asar na hau masa da shayi na ce ya sammini Turanci.

“Alhaji, a wannan shekarun? Turanci zai shiga ta ina, ta giɓin?”

“Ta inda dokunun nan naku, tuwon masarar da kuke ci, yake shiga. Ni ba duka nake so ba. Na ƙarfafa gwiwa kawai, irin wanda kuke yi wa masu gudu.”

Ya yi dariya har ya ƙware, sannan ya fara. Zan rubuta su yadda bakina ke faɗinsu, mai boko ya yi haƙuri. “Kam on,” ya ce shi ne taho mana. “Kip goyin,” ci gaba. “Yu kan du it,” za ka iya. “Don gib of,” kada ka karaya. Da ya zo kan “hang in diya” sai ya ce asalinsa rataye a nan, amma daure suke nufi.

“Wace irin al'umma ce wannan,” na ce, “mutum na wahala a ce masa ya rataye?”

“Ka riƙe dai. Na shida shi ne olmos diya, saura ƙiris. Wannan a ƙarshe ake fito da shi, kamar nama a miya.”

Muka yi ta maimaitawa har shayin ya huce. Na lura da wani abu a ranar, na kuma faɗa masa. Namu “sannu” zama take yi kusa da kai, ta taya ka gajiya. Nasu kuwa duk a bayanka suke tsaye, suna ingiza ka. Ticha ya ce haka ne, bulala ce da aka naɗe da auduga. Sai ya ce saura ɗaya, wadda ake faɗa wa mutum idan ana so ya sassauta, ya huta.

Na miƙe ina kakkaɓe riga. “Ni ba a ɗauke ni aikin tsayawa ba. Shidan sun ishe ni.”

“Alhaji, direban da ya koyi totur bai koyi birki ba, ba a shiga motarsa.”

“Ai ni ba mota gare ni ba,” na ce, na sauka abina.

Na yi kusan shekara biyu ina cin kasuwa da shidan nan. Tsofaffi su ji Turanci ya fito daga bakin baƙin tsoho mai giɓi, sai su fashe da dariya, gajiyar ta ragu. Abokan aiki suka koma kirana Bature. Ni kuwa har da sauya tafiya.

Ranar da nake son ba da labari, da hantsi ne, ba lokacin cunkoso ba. A ƙofar wani masauki a unguwar Jarwal wata mata ta tare ni, baƙa, za ta kai hamsin. Daga Ingila suka zo Umra ita da mahaifinta. Ta iya Larabcin littafi, irin mai tsayawa a kan kowane wasali, ni kuma nawa na kasuwa ne, amma mun fahimci juna. Ta nuna mini tsohon yana tsaye cikin harami, dogo, siriri, ƙafafu kamar na zalɓe. Ta ce da girma ya musulunta. Ta ce zuciyarsa ba ta da lafiya, likitansa bai so ya yi tafiyar ba. An tura shi a keke ya yi ɗawafi tun da safe, ya yarda da ƙyar, amma sa'ayi ya rantse da ƙafarsa zai yi. Wai baiwar Allah da ta fara wannan kai-kawo mai shayarwa ce, a kan duwatsu masu zafi, tana neman wa jaririnta ruwa, shi ba zai yi nasa a zaune a cikin sanyi ba.

“Ya ammi,” ta ce mini, wato baffa, “aikinka ka bi bayansa da keke. Idan ya nemi zama, ka zaunar da shi. Ko da bai yi magana ba, idan ya miƙo hannu, ka zaunar da shi.”

Na ce in sha Allahu. A raina kuwa murna nake yi, yau bayana ya samu hutu. Turin keke babu kowa ai yawo ne.

Muka hau bene na sama, inda mutane ba su da yawa. Wanda bai taɓa zuwa ba, wurin doguwar hanya ce mai rufi, daɓen marmara fari tas, sanyin na'ura na busowa ta ko'ina. Ana farawa daga Safa a je Marwa, ɗaya ke nan, a dawo, biyu, har bakwai, na bakwan ya ƙare a Marwa. Kusa da Safa akwai wurin da aka sa korayen fitilu a sama, nan maza ke ɗan sassarfa.

Na ɗaya da na biyu tsoho ya yi su da kansa, ko tari ban yi ba. A na uku numfashinsa ya fara fita kamar zugazugin maƙeri. Na ga lokacina ya yi. Na matso na ce, “Kam on, ya hajj!”

Bai waiwayo ba, bai yi dariya ba kamar sauran. Sai dai na ga kafaɗunsa sun miƙe, kansa ya ɗago, takunsa ya daidaita. 'Yar ta dube ni da mamaki, ta ce ma sha Allah. Kaina ya ƙara girma. “Kip goyin,” na ce. “Yu kan du it.”

A na huɗu ne na gano abin. Na tsaya da magana don in haɗiye yawu, sai tsoho ya tsaya cak. Ba irin tsayawar mai hutawa ba, wanda zai dafa ƙugu ko ya nemi bango. Tsayawa kawai, ƙafa ɗaya a gaba. Na ce “kam on,” ya taka. To, a nan ne shaiɗancina na yarinta ya motsa. Na sake yin shiru da gangan. Ya tsaya. Na bari na ƙirga uku a zuci, na ce “kip goyin,” ya tafi. Sau uku na yi wannan, ina danne dariya, ina tunanin yadda zan ba Ticha labari. Mutum mai jikoki, a tsakanin Safa da Marwa, ina wasa da bawan Allah kamar na samu motar roba mai igiya. Allah Ya yafe mini.

A na biyar 'yar ta tafi ɗebo masa zamzam a famfunan da ke gefe. Muka rage ni da shi. Muna tsakiyar hanya sai ya rage tafiya, hannunsa na dama ya zagayo baya yana lalube. Keken yake nema. Na gani sarai. Yatsunsa sun kusa taɓa hannun kujerar.

Na janye keken baya. Kaɗan, bai fi tafin hannu ba.

“Don gib of,” na ce. “Hang in diya.”

Na sha tambayar kaina me ya sa. Wani lokaci in ce tausayi ne, saura biyu ya cika burinsa, wa zai so ya ga an zubar da ruwa a bakin randa? Wani lokaci in ce bayana na ji wa. Gaskiyar da ta fi ɗaci ita ce daɗi nake ji. Tunda uwata ta haife ni ban taɓa yin magana wani ya bi ta haka ba.

Hannun ya ɗan tsaya a iska, sannan ya koma gefensa. Tsoho ya ci gaba.

Da muka juyo daga Marwa muka shiga na shida, sai na ji wani abu ya ɓace, na rasa mene ne. Na yi tafiya mai ɗan nisa kafin na gane zugazugin ne ya daina. Na kasa kunne. Ga ƙarar tayar kekena, ga takun takalman safa na mata, ga wasu 'yan Indonisiya can gaba suna bin jagoransu da addu'a, amma daga wajen tsohon nan babu komai. Gumin da ke ƙeyarsa ya bushe. Ni kuwa masanin ƙeya ne. Ƙeyar mai rai ba ta zama wuri ɗaya, tana ɗan motsi da numfashi, jijiyar gefe tana harbawa. Wannan ta yi lif kamar ƙoƙon da aka kife.

'Yar ta dawo da kofi, ta kai masa baki yana tafiya. Ruwan ya bi gemunsa ya sauka a kan haramin. Ta yi dariya ta goge masa, ta ce mini da murna, “Ka ji? Hakin ya tafi. Ya samu ƙarfi.”

Na ce alhamdu lillahi. Na kai hannu kamar zan gyara masa mayafi, na taɓa gwiwar hannunsa. Da ita da marmarar da nake takawa, ban ji bambanci ba. Na ce wa kaina sanyin na'ura ne, ai kowa hannunsa da sanyi a wurin nan. Na taɓa nawa. Nawa da ɗumi.

Daga nan ba don wasa nake magana ba. Tsoro ne ya hana ni rufe baki. Na jera su ina maimaitawa kamar mai jan carbi, kam on, kip goyin, yu kan du it, har muryata ta koma ta wani. Kowace kalma taku biyu. Idan na yi jinkiri ƙafarsa sai ta jira ni a sama. Na leƙa fuskarsa ta gefe sau ɗaya, ban sake ba. Idanun a buɗe suke, suna kallon gaba, kuma duk tsawon leƙen da na yi ban ga sun ƙifta ba.

Muka kai Safa. Nan mutane kan tsaya su fuskanci Ka'aba su ɗaga hannu. Shi bai tsaya ba, don ni ban tsaya ba. Ya juya kamar an juya ƙofa, muka kama na bakwai.

Duk zagayen baya, idan mun zo ƙarƙashin korayen fitilu, jan ƙafa kawai yake ɗan ƙarawa. Wannan karon ina cewa “kam on” sai tsoho ya lanƙwasa hannuwa, ya ɗaga gwiwa, ya zuba da gudu. Gudu na sosai, na wanda ya san gudu, baya a miƙe, harami na kaɗawa. Hasken kore ya zubo masa a ka. Mutane suna darewa suna cewa ma sha Allah. 'Yar ta biyo mu tana kuka tana dariya. Ni ina baya da keke ina haki kamar zan mutu, kuma a duk gudun nan ban ji tafin ƙafarsa ya taɓa ƙasa da ƙara ko sau ɗaya ba.

Bayan fitilun ya koma tafiya. Hanya ta miƙe, ga Marwa can ana hangowa. Na fito da naman miyata. “Olmos diya,” na ce. “Olmos diya, ya hajj.”

A nan ne wani tunani ya faɗo mini. Idan mun kai fa? Me zan ce masa? Ba ni da kalmar tsayawa, na bar ta a ɗakin Ticha tare da kofin shayi. Na ga kaina mun isa Marwa ya juya, na bi shi, na takwas, na tara, azahar ta yi, la'asar ta yi, mutane suna sauyawa, ni ina bayansa ina magana, ba ni da ikon yin shiru. Sannan na tambayi kaina abin da tun ɗazu nake gudu: wai wa nake korawa? Idan mai kiransa ya riga ya kira shi tun a na biyar, lokacin da ya miƙo hannu, to ni wane ne da zan tsaya a tsakani da Turancin aro?

Saura abin da bai fi taku ashirin ba. Ina ganin inda daɓen ya fara hawa.

Na rufe bakina.

Ya yi taku ɗaya. Ya yi na biyu. Ya tsaya. Sai ya waiwayo, karo na farko tun da muka fara, ya dube ni. Ba harara ba ce, ba godiya ba ce. Kallon wanda ke jira a gaya masa abin da zai yi ne. Na tura keken har ya taɓa bayan gwiwoyinsa, ya sauka a ciki. Na ɗauki dubban mutane a keken nan, hannuna ya san nauyin yaro, ya san na ƙatuwar mace. Wannan ko motsi tayar ba ta yi ba. Kamar an ajiye mayafi biyu.

'Yar ta kira shi, ta sake kira, sannan ta yi ƙara. Ma'aikatan lafiya suka zo da motarsu ƙarama, aka kewaye shi. Ni na ja baya na jingina da bango. Da la'asar aka yi masa salla a Harami, ina sahu na can baya, ban iya ɗaga kai ba.

Da na ba Ticha labari, ban ɓoye masa janye keken ba. Bai yi dariya ba, bai kuma ce ai na gaya maka ba, wanda da ya faɗa da na fi jin sauƙi. Ya ce ya taɓa ganin irinsa a fili, mai gudu ya zube bayan ya ƙetare layin gama tsere, a tambaye shi zagayen ƙarshe ya ce bai san ya yi ba, muryar malaminsa kawai yake ji. Na ce wancan ai ya tashi. Wani malami da na tambaya a unguwa, ba tare da na faɗi duka ba, ya ce ajali ba ya jiran kalmar kowa, ba ya kuma gudun ta kowa, kuma wanda ya rasu a kan hanyar ibada niyyarsa ta isar masa. Na karɓa da hannu biyu. Da rana maganar tana riƙe ni, dare ne ba ta kaiwa.

Tun daga ranar ban sake sa Turanci a bakina ba. Abokai suka gaji da kirana Bature suka daina. Bayan 'yan shekaru gwiwa ta ajiye ni, keken yana nan a ƙarƙashin matakala, a naɗe, na ɗaure shi da igiya duk da babu inda za shi. Idan na je sa'ayi yanzu ƙasa nake bi, cikin cunkoso, inda ba a jin takun kowa balle a rasa na wani.

Kwana huɗu bayan rasuwar, 'yar ta aiko a neme ni. Na so in ɓuya, na ga ɓuyan ya fi zuwan nauyi. Na same ta a tashar Kudai da rana tsaka, motarsu ta Jidda na shirin tashi, direba na ta danna ham. Ta rame. Ta ba ni takalman mahaifinta a leda, ta ce in ba mabukaci. Ta ce yana saurayi ɗan tseren dogon zango ne, har tsufansa idan ya ji ana faɗa wa 'yan wasa irin kalmomin nan a talabijin sai ƙafarsa ta riƙa motsi a kan kujera. Ta ce likitan da ya duba shi ya tambaye ta tun yaushe yake zaune a keken, ta ce yanzun nan, ya sake taɓa shi, ya sake tambayarta.

Na buɗe baki zan faɗa mata zancen hannun da ya miƙo. Wallahi na buɗe. Sai ta riga ni, cikin Larabcin nan nata mai tsayawa a kan kowane wasali, ba da faɗa ba, ƙafarta ɗaya a kan matakin mota.

“Ya ammi, taku ashirin ya rage masa. Muryarka kaɗai yake bi. Me ya sa ka yi shiru?”